Sistar da Ta Tsuguna

Azumi ba ta san sunan matar ba. Ta dai ji ana cewa babbar Sista ce, Landirobar gwamnatin tsohuwar Jihar Kano ta kawo ta daga Birnin Kudu don duba wannan ɗakin shan magani na ƙasar Gwaram. Gajeriya ce, farar rigarta ta sha guga, agogo na lilo a ƙirjinta, amma tafiyarta irin ta wadda ta taɓa ɗaukar tulu ce.

Sau uku malamin asibiti na tambayar Azumi sunan yaron da ke zazzaɓi a cinyarta, ita kuwa kanta a ƙasa. Ɗan fari ne, da wane baki za ta faɗa? Har malamin ya ture kati zai kira na baya.

Sai ga Sista a tsugune, tana taɓa goshin yaron.

"Na fari ne ko?"

Azumi ta gyaɗa kai.

Sista ta waiwayi layi. "Wa ya san sunansa?"

"Manu!" in ji wata maƙwabciya.

Azumi ta sauke ajiyar zuciya, tana jin Sista na ce wa malamin a hankali, "Rubuta, Malam. Ni ma na taɓa korar wata a kan haka. Ba ta dawo ba."