Abin da Garba Bai Fassara Ba

Ban taɓa mantawa da ranar da aka dawo mana da Inna Hajo ba, wata Laraba cikin damina, lokacin ina sista mai kula da ɗakin mata a wani asibiti a Yauri.

Bagungiya ce, 'yar ƙabilar Gungawa, daga wani tsibiri cikin tafki, shekarunta hamsin da 'yan kai, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Karaya ce ta fara kawo ta: ta dafa bakin jirgi za ta sauka, wuyan hannu ya karye. Likita ya ce zaizayar ƙashi ce, wadda kan kama mata bayan al'ada ta ɗauke, ya rubuta ƙwayar da ke mayar wa jikin mace sinadarin da ya rasa. Ƙa'ida ce a gaya wa mai sha tana iya ganin jini, in ta gani kuma ta dawo. Na yi bayani, ɗanta Garba na fassarawa. Maganata doguwa, tasa gajeriya. Na ɗauka Gunganci ne mai tattalin kalmomi.

Ranar da aka dawo da ita ɗin, 'yarta ce ta riƙo ta.

"Sista, Inna ta aje salla tun bayan azumi. Jini taka gani, ba ta hwaɗa ma kowa ba."

Irin wannan jini yana iya zama aikin ƙwayar, yana iya zama kansar mahaifa, ga watanni sun shuɗe. Likita ya tsayar da maganin, ya tura ta gwaji Birnin Kebbi. Duk kwanakin jiran, waya na ƙara sai in ɗauka sakamakon ne.

Na tsare Garba a baranda.

"Malam Garba, zancen jinin nan, ka gaya mata?"

Ya dubi takalminsa. "Sista, ni na ɗan hwari. Ko sunana ba ta kira. Ina zan aza bakina ga wagga magana?"

"To me ka ce mata?"

"Na ce ta sha da ruwa da yawa."

Sakamako ya zo: ba kansa ba ce. Aka sauya mata magani, jinin ya tsaya, ta koma sallarta.

Ku da kuka shigo aikin nan bana, a makaranta an koya mana abin da za mu faɗa, ba a koya mana ta bakin wa zai bi ba. Yanzu in zan yi wa uwa bayanin jikinta, ɗanta waje yake fita, ko da a bayansa ya goyo ta. Mace nake nema, ko da sai na zaga asibitin duka.