Malam Sati Ba Ya Karɓar Amshi

Shekara talatin da biyu Malam Sati Yohanna ya yi yana koyar da Turanci a wata sakandare ta Sabon Garin Zariya, kuma ba a taɓa jin ya tsaya gaban aji ya ce "Kun gane?" ba. A wurinsa wannan ba tambaya ba ce, maɓoya ce. Yara hamsin za su haɗa baki su ce "E, Malam!" alhali arba'in daga cikinsu leɓe kawai suka motsa. Shi sunan ɗalibi yake kira, ya tsayar da shi, ya jira amsa ko da jiran zai cinye rabin darasi.

Ɗan manomi ne daga kudancin Kaduna. Ya zo Zariya kwalejin horon malamai da akwatin ƙarfe ɗaya, ya auri Janet mai ɗinki, suka zauna a Unguwar Gabas, suka haifi 'ya'ya huɗu, babbansu Eric. Da ya yi ritaya a 2003, zaman gida ya gagare shi. Sai ya karɓi aiki a wata makarantar ƙarin darasi a Samaru, inda ake shirya ɗalibai don jarrabawar shiga jami'a. Kullum da azahar yana cikin bas, da jan biro biyu a aljihu.

Mai makarantar, Felix, saurayi ne da bai daɗe da gama karatu ba, kuma yawancin malamansa ɗaliban jami'a ne. Falankin katako ne kawai ya raba azuzuwan, saboda haka Malam Sati yana jin maƙwabcinsa yana tambayar aji, "Is you people ready?" Mutum yana magana da jama'a, amma ya ɗauko aikatau na mutum ɗaya ya liƙa musu! Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ajin ya amsa da ƙarfi, babu wanda ya ko ɗaga gira.

Wata Asabar a 2006, saura mako shida jarrabawa, Felix ya gayyaci iyaye su zo su ga aiki. Da safe ya tare Malam Sati a bakin ƙofa.

"Baba, don Allah yau a bar kiran suna. Ka jefa tambaya, su amsa gaba ɗaya. Iyaye ƙara suke son ji."

"Ƙara? To ka tayar musu da janareta mana."

"Baba, ba wasa nake yi ba. In ka tozarta ni yau, wurin nan ba zai ɗauke mu mu biyu ba."

Malam Sati ya san da gaske yake. Ya kuma san cewa mai shekara sittin da biyu ba ya samun wani ajin da sauƙi, kuma shi ba tare da aji ba kamar kifi ne a tudu.

Iyaye suka zauna a benci ta baya. Felix da kansa ya fara, ya sa ɗaliban suka rera ƙa'idar daidaita aikatau da mai aikatawa kamar waƙar coci. Iyaye suna ta gyaɗa kai. Malam Sati ya kasa jurewa. Ya ajiye alli.

"Aishatu Uba, tashi. Muryarki ta fi ta kowa. Juya ki fuskanci 'yan ajinku, ki tambaye su da Turanci ko sun kawo littattafansu."

Yarinyar ta fara, ta tsaya, ta sake farawa, ta kawo irin Turancin da ake ji ta bayan falanki. Malam Sati ya kira Nelson. Ya kira Diana. Cikin mutum bakwai, ɗaya kaɗai ya iya. Aishatu tana tsaye, hawaye yana zuba.

Ya juya wajen iyayen. "Abin da ba a so ku gani ke nan. A zauren jarrabawa babu amshi. Kowa da takardarsa zai zauna, shi kaɗai."

Ya zaci fushinsu kan Felix zai sauka. Sai Alhaji Uba, mahaifin Aishatu, mai sayar da kayan gini, ya miƙe a fusace.

"Malam, da girmanka? Ka tsayar da 'yata a gaban mutane tana kuka? Koyarwa na kawo ta, ko tonon asiri?"

"Alhaji, shekara guda ana ruɗin ka, ni da na faɗa maka gaskiya ne mai laifi?"

"Gaskiya ba ta hana kara!"

Kafin la'asar Felix ya sallame shi. Babu ko uba ɗaya da ya goyi bayansa.

Kwana uku Malam Sati yana gida yana huci. A na huɗu Janet ta tsayar da keken ɗinkinta ta ce, "Baban Eric, gaskiyarka daban, hawayen yarinyar daban." Ya yi mata tsawa, sannan ya sa hularsa ya tafi shagon Alhaji Uba. A tsaye, tsakanin buhunan siminti, ya ba da haƙuri kan kukan da ya sa Aishatu, bai ƙara ko kalma ɗaya a kan haka ba.

Aka ce ya je wurin Felix ma, wataƙila a mayar da shi. Ya ce ƙafarsa ta manta hanyar Samaru. Bai sake riƙe alli ba.