Sallar Kalanda

A unguwar Didaouré aka haife ni, cikin Sokodé, a gidan mahauta. Ranar Sallah a gidanmu ba ka samun wurin ajiye takalmi a zaure, kuma ba mai tambayar ka ko ka ci, sai dai a turo maka kwano. Da na gama karatu, aiki ya jefa ni Dapaong, wani kantin magani kusa da kasuwa. Mu biyar ne. Akwai mai kantin, mutumin kudu, da muke kira Shef, akwai Tanti, dattijuwa 'yar ƙabilar Moba wadda ta fi kowa daɗewa a wurin, sai wasu mata biyu. Ni kaɗai ce Musulma. Garin cike yake da Musulmi, amma ban san ƙofar kowa ba. Daga ɗakin haya sai kanti, daga kanti sai ɗakin haya.

Da Kirsimeti ta matso, Tanti ta sauko da wani kwali daga saman kabad. A ciki akwai zaren ado mai ƙyalli, ja da kore, da wata bishiyar roba wadda reshenta ɗaya ya karye aka ɗaure shi da filasta. Ni ce doguwa, don haka ni aka ɗora kan kujera. Ina can sama sai bakin nan nawa da ba ya iya shiru ya ce, "Mu kam in namu bikin ya zo, ko zaren buhu ba mai rataya mana." Kowa ya yi dariya ban da Tanti. Baki shi ke yanka wuya, kuma nawa na yanka ranar.

Azumi ya zo, na sha ruwa ni kaɗai kullum da kunu da ƙosan bakin titi. Sabuwar ma'aikaciya ba ta da hutun tafiya gida, saboda haka Mma, mahaifiyata, ta aiko mini da ɗinkin Sallah ta motar Sokodé, atamfa iri ɗaya da ta ƙannena. Abin da nake tsoro ɗaya ne: gari ya waye ranar Sallah in rasa wanda zan sa hannu a kwano tare da shi.

Kalandar da ke bangon kanti ta sa Sallah ranar Laraba. Da ita Shef ya tsara aikin wata: Laraba ina hutu, Alhamis ni ce mai tsaron kanti. Na lura abokan aikina suna ta ƙus-ƙus, in na shigo su yi tsit. Na gane abin da suke shiryawa, na yi kamar ban gani ba, don daɗi nake ji har cikin raina. Abin da ban yi ba shi ne in zaunar da su in ce mu ba takarda ke ba mu Sallah ba, wata ne. A Didaouré ko ɗan goye ya san haka, ban taɓa ɗauka abu ne da ake yi wa babba bayani ba.

Talata da magariba ba a ga wata ba. Azumi ya cika talatin, hutun ƙasa ya koma Alhamis. Laraba da tsakar rana Shef ya kira ni a waya ya ce in leƙo kanti.

Na tarar zaren ƙyallin nan ya zagaye kowace kanta. Bishiyar robar ma an fito da ita, amma an cire mata tauraro an manna jinjirin wata na kwali. A tebur ga shinkafa da wake, ga zoɓo mai sanyi, ga soyayyun zabi. Suka haɗa baki suka ce, "Barka da Sallah!"

Tanti ta ja hannuna. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinta. "Zauna ka ci, yarinya. Ni da kaina na kai zabi wurin malam ya yanka. Babu haram ciki."

Na ce, "Tanti, ina azumi. Ba a ga wata ba."

"Kalandiriye ya ce yau," in ji ta, tana nuna kalandar bango.

"Feriye, hutun gwamnati, suka matsar kawai, na ji a radiyo," in ji Shef. "Amma fet ɗin, bikin kansa, ai yau ne, ko?"

Na yi bayani, kuma tun ina magana na ji muryata ta zama ta malamin makaranta. Tanti ta saki hannuna. "Kwana ɗaya kawai, Allah ba zai gane ba?" Ba da gatse ta faɗa ba, roƙo take yi. Na girgiza kai. Na zauna kusa da bishiyar suka ci Sallata ina kallo, kowa na tauna a hankali kamar a gidan makoki. Da Shef ya tambaya ko a sauya mini aikin gobe, kunya ta sa na ce ba komai. In ma an sauya, gidan wa zan je?

Alhamis na sa atamfata na buɗe kanti. Ranar hutu mutum ɗaya ke tsaro. Ina jin kabbarar masu tafiya idi tana wucewa a titi, babura ɗauke da iyali guda-guda. Wani tsoho ya shigo neman maganin tari, ya ɗaga kai ya dubi ƙyallin, ya dube ni, ya fita. A firjin magani na tarar da kwano an rufe, Tanti ta ajiye mini cinya biyu. Na ci a tsaye, da sanyinsa.

Ina cikin ci Mma ta kira. Bayanta hayaniyar gidanmu ce, har ina iya rarrabe dariyar kowa.

"Kin samu mutane kuwa? Da wa kike ci?"

"Da mutanen wurin aikinmu, Mma. Har ado suka yi mini."

"Alhamdu lillahi. 'Yan albarka. Miƙa musu wayar in yi musu godiya."

Na dubi kujerunsu huɗu da ba kowa a kai. Na ce mata layin ba kyau, ba na jin ta sosai, na kashe.