Sunan da Ke Gefen Hoto

Kowa a miƙe yake karanta jarida idan ya tsaya a teburina. Mutum ɗaya ne ke karkatar da ita gefe, ya karkatar da kansa ma, kamar mai leƙen ƙarƙashin gado. Shi ne Malam Gyara, mai shagon hoto da ke jikin rumfata. Labarin bai dame shi ba. A gefen kowane hoto akwai wani siririn rubutu da aka kwantar daga ƙasa zuwa sama, sunan wanda ya ɗauki hoton. Ni da nake sayar da jarida tun gashina yana baƙi, ban taɓa lura da shi ba sai da ya nuna min da farce. Wannan ɗan layin shi ne abin da Malam ya so a duniya: ya wayi gari ya ga sunansa kwance a wurin.

Kuma bai taɓa sayen jarida a hannuna ba, ko sau ɗaya. Ya karanta, ya ninke, ya mayar. Idan na yi mita sai ya ce, "Ranar da sunana ya fito, duk na teburin nan zan kwashe, har da na jiya." Ni kuwa in ce Allah ya nuna mana, kafin takardar ta ƙare da shafar hannunka.

Yaran unguwa ne suka raɗa masa Gyara, saboda kalmar ba ta barin bakinsa. Gyara wuyan rigarka. Gyara tsayuwa. Ɗaga haɓa kaɗan, yawwa, kar ka motsa. A shagon akwai labule mai zanen gidan bene da furanni, da kujera mai hannu, da madubi da mataji, da wata baƙar kwat a ƙusa wadda rabin mazan unguwar suka nemi aiki a cikinta. Idan ya ɗauke ka bai gama ba. Da can da siririn fensir yake bin fim ɗin, da zamani ya juya ya koma kwamfuta. Ya cire ƙurji, ya share gumi, ya rage maka ramar rashin lafiya. Akwai wani mai gyaran famfo da ya karɓi hotonsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, da haka nake ai da ban sha wahalar neman aure ba."

Shi dai ba wannan aikin ya yi niyya ba. Yana saurayi, yana yaron shago a wurin maigidansa, gobara ta tashi a wani kamfanin katifa. Ya je kallo kamar kowa. 'Yan sanda sun ja igiya suna korar mutane, sai ga wani mutum da kyamara biyu a wuya da riga mai aljihu rututu. Ɗan sanda ya ɗaga masa igiyar da hannunsa. Washegari hoton ya cika shafin farko, duk garin ya ga abin da mutumin nan shi kaɗai ya tsaya ya gani. Labarin nan na ji shi har na haddace, amma kullum idan ya zo kan ɗaga igiyar sai muryarsa ta sauka. Ya so ya je ya koyi aikin. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa ƙanne, maigidansa ya tsufa ya bar masa shago, shi kuma ya ce zai riƙe na ɗan lokaci. A cikin ɗan lokacin nan ya aurar da ƙannen, ya yi aure, ya aurar da 'ya'yansa.

Matarsa tela ce, muna ce mata Mai Keke. Ita ta ɗinka masa irin waccan rigar mai aljihu tun suna ango da amarya, kuma ita kaɗai ce a unguwar da kyamararsa ba ta razana. Ya gwada fim a kanta, ya gwada fitila a kanta, har ta daina ɗaga kai. Yana iya tsayawa a gabanta ya yi ta ƙyas-ƙyas, ita tana zare zare da haƙori.

Kada a ce bai yi ƙoƙari ba. Da an ji ihu a titi, zai zari rigar ya rufe shago ya ruga. Matsalar ita ce kowa ya san shi. Wata rana motar tumatir ta kife a mahaɗar hanya. Yana isa, masu kwasar tumatir suka miƙe suka jeru, direban ya dafa tayar motar yana murmushi. Shi ma Malam, maimakon ya danna, sai ya miƙa wa direban hankici ya ce ya goge jinin goshinsa tukuna. Da malaman makaranta suka fito zanga-zanga, da idona na gan shi yana cewa gajeru su dawo gaba.

Ni nake raka shi ofishin jaridar, don na san masu gadi ta ƙofar da muke karɓar kaya. Editocin hoto sun zo sun wuce a kan idonsa. Na yanzu sa'an ɗansa ne, kuma yana da kirki. Ya baza hoton motar tumatir a tebur ya ce, "Baba, aikinka tsaf yake. Amma duba, kowa kallonka yake. Mu hoton da muke nema shi ne wanda mutum bai san kana wurin ba. Kar ka gyara kowa. Ka kawo min abin yadda ya faru, ni kuma na yi maka alkawari."

A hanya Malam ya ce min, "Yanzu mutum yana cikin masifa, jini a fuska, sai in ɗauke shi haka? 'Ya'yansa fa za su gani."

Na ce, "To ka zaɓa, ko jarida ko kunya."

Bai zaɓa ba, sai ido ya fara zaɓar masa. Ya fara laluben maɓallan kyamara, yana matso da jarida har tana taɓa hancinsa. Likita ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali, maganin ɗigawa sai dai ya rage mata gudu. Tun daga ranar na daina yi masa tsiyar sayen jarida. Ina kallonsa yana bin siririn layin nan da yatsa, abin yana sosa min rai.

Sai aka yi ruwan nan na bara. Ya kwana yana zuba, da safe ya ƙara. Babbar kwatar bayan layinsu ta cika ta fasa. Muna fake a shagonsa wani ya zo a guje ya ce katangar gidan Malam ta faɗi. Ya fita ko rigar aljihun bai ɗauka ba, sai kyamarar da dama tana wuyansa. Na bi shi, ruwa har gwiwa.

Ba wanda ya mutu, alhamdu lillahi. Amma ɗakin ɗinkin ya tafi. Mun tarar da Mai Keke zaune a kan jiƙaƙƙiyar katifa a tsakiyar tsakar gida, laka har gira. Ruwa ya tafi da ɗankwalinta, rigarta ta yage a kafaɗa, takalmi ɗaya ne a ƙafarta. Ta rungume kan keken ɗinkinta a cinya kamar jariri, shi kaɗai ta iya cirowa. A bayanta atamfofin mutane suna yawo a kan ruwa. Ba kuka take ba, kallon inda ɗakin yake kawai take yi. Na ji ƙyas a gefen kunnena. Sau ɗaya. Ba ta ko juyo ba. Sannan ya saki kyamarar, ya tuɓe rigarsa ya yafa mata.

Da muka kai ta gidan 'yarsu, ya ja ni gefe ya nuna min hoton a bayan kyamarar. Ni ban san hoto ba, amma na gane irin wanda editan ke nema ke nan. Na ce, "Sa takalminka, mu tafi."

Editan ya karɓi kyamarar yana waya. Ya kalla, ya ce wa na cikin wayar zai sake kira. Ya ƙwala wa wasu biyu kira, suka zo suka sunkuya a kan kyamarar. Can ya ɗago ya ce, "Baba, shafin farko. Gobe. Yaya kake so a rubuta sunanka?"

Malam ya faɗi sunansa cikakke, har da na mahaifinsa, sunan da ni kaina na kusa mantawa. Ya maimaita a hankali don kada a yi kuskure. Editan ya ce a bar masa katin kyamarar. Malam ya ce akwai hotunan mutane a ciki, amana ce, zai ware wannan ya kawo kafin la'asar. Muka fito yana tafiya kamar ba a ƙasa yake takawa ba. A bakin ƙofa ya tsaya ya gaisa da mai gadi hannu biyu, har da tambayar iyali.

Ya shiga shago ya tayar da janareta ya turo ƙofa. Ni kuma na zauna ina lissafin yadda zan sa shi ya cika alkawarin kwashe teburina. Ya daɗe. Ban kawo komai a raina ba.

Da la'asar editan ya buɗe hoton a babbar kwamfutarsa. Ga Mai Keke a kan katifa, ga ruwa, ga keke a cinya. Amma ɗankwali ya dawo kanta, ɗaure tsaf. Kafaɗar rigar ta ɗinke. Fuskar fes, ba laka. Har ɗaya ƙafar ya sa mata takalmi, irin ɗayan sak. Wallahi aiki ne na gwani, ba za ka ce an taɓa ba, sai dai ya koma hoton wata baiwar Allah da ta fito shan iska.

Editan ya ce, "Baba, ina na safe?"

"Wannan ne."

"A'a, wanda na gani. Ba ma buga hoton da aka taɓa, ko ƙwayar laka aka cire ya tashi daga labari. Ba ni na katin."

Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Na goge shi."

Editan ya riƙe kai da hannu biyu. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Washegari suka buga wani hoto da ma'aikacinsu ya ɗauka daga kan gada, rufin gidaje a cikin ruwa, ba fuskar kowa.

Ni na yi faɗan, tun daga matakala har bakin titi. Na ce shekara da shekaru kana jan ƙafata zuwa ofishin nan, yau Allah ya kawo, ka sa hannu ka shaƙe abinka. Na ce idon naka jiranka zai yi? Ya bar ni na gama, sannan ya ce:

"A bayan kyamara ƙarami ne, mutumina. Da na buɗe shi a kwamfuta ya cika gilashin, sai na ga kafaɗarta. Gobe kai da kanka za ka shimfiɗa ta a teburinka, duk mai wucewa ya tsaya ya ƙare mata kallo. Jibi a naɗe kifi da ita. Na gyara direban da ban sani ba, sai uwar 'ya'yana zan bari haka?"

Na ji shi, amma haushin bai sauka ba.

Bayan an tayar da katanga, ya wanke gyararren hoton ya sa a firam ya rataye kusa da baƙar kwat. Wata safiya Mai Keke ta biyo shi da maganin idonsa da ya manta. Ta tsaya a gaban firam ɗin, ta matsa, ta ja baya, sai ta tuntsire da dariya.

"Wannan kuma wace ce? Ni dai na san ranar takalmi ɗaya ne a ƙafata. Ɗayan ma har yau ban gan shi ba."

Malam ya yi min ido. Ni kuwa bakina ba ya riƙe irin wannan. Na kwashe labarin kaf na faɗa mata, da shafin farko, da sunan da aka tambaya, da gogewar. Dariyar ta ɗauke. Ta ajiye kwalbar maganin a kan tebur a hankali.

"Malam, da gaske ne?"

"Mutuncinki na duba."

"Mutuncina." Ta juya ta kalli rigar aljihun da ke rataye a bayan ƙofa, duk ta koɗe. "Wa ya ɗinka maka waccan? Sau nawa na sake mata zif? Ka ɗauka kai kaɗai kake jira? Tun muna ɗaki ɗaya, duk ranar da ka shigo gida hannunka nake fara kallo, in ga ko ka riƙo jarida. Laka ce fa, Malam. Kowa a layinmu ya sha ta ranar. Da sun gan ni, da sun san abin da ya same mu."



Ta ce, "Da ka tambaye ni." Ta gyara mayafinta ta fita.

Ban taɓa ganin Malam Gyara ya zauna a kujerar masu ɗaukar hoto ba sai ranar. Ya zauna a gaban labulen gidan benen nan, kafaɗa a zube, ba wanda zai ce masa ya ɗaga haɓa.

Yanzu 'yarsa ce ke zuwa tana taya shi aikin kwamfutar, shi yana tsaye yana cewa mutane su gyara tsayuwa, don wannan ko ido rufe zai iya. Kyamarar tana wuyansa har yau, amma idan aka yi ihu a titi sai dai ya fito bakin ƙofa ya juya kunnensa wajen. Kullum da safe yana zuwa teburina. Ya ɗauki jarida, ya karkatar da ita gefe, ya kai ta har hanci, sannan ya miƙo min.

"Karanta min, na wane ne yau?"

In karanta masa sunan wani. Ya maimaita shi a hankali, ya gyaɗa kai. Sai ya ninke jaridar, ya daidaita bakinta da na sauran, ya mayar inda ya ɗauka. Da yamma ya rufe shago ya nufi gida, ba komai a hannunsa.