Shekarar da Na Kankare Haƙorana

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba masu yin lamba suka zo ƙauyenmu a ƙasar Kudan, da wata malamar asibiti a cikinsu. Ta tsaga mini dantse ban ko ji zafi ba, don ina can ina kallon bakinta. Haƙora farare tas! Mu kuwa a lokacin kwalliyar mace furen taba ne da goro, baki ya yi ja wur. Tun a layin na ƙudura sai nawa sun koma irin nata.

Abin da nake taƙama da shi a gida kuwa haƙoran nan ne. Duk gidanmu ba mai ɓare rake kamata. Idan raken Baba ya kusa isa yanka, ni yake miƙa wa kara, in ciza in ce ya nuna ko da saura, yayyena maza suna tsaye suna cika suna batsewa. Ina jin daɗin wannan matsayi ƙwarai, kuma ban ɓoye ba.

Na fara da gawayi, na ga yana ɓata mini lokaci. Na koma toka da lemun tsami, har da ɗan yashi mai laushi, ina dirzawa safe da yamma a bayan rumbu. Kakata ta kama ni sau ɗaya ta ce, "Ke, tukunya kike wankewa?" Na murguɗa mata baki.

Sun yi fari, ba ƙarya. Amma wata safiya na kurɓi ruwan randa, sai na ji wani abu ya tsirga mini tun daga haƙori har tsakar ka. Kunun tsamiya ya gagara. Ko dariya na yi iska ta shiga, sai na dafe kunci. Na yi gum da bakina, ina ɗumama ruwan sha a ɓoye.

Ranar ɗanɗana rake ta zo. Baba ya sare kara ya miƙo mini a gaban kowa. Na yi ta maza na gatsa. Ihun da na yi, har jakinmu sai da ya waiwayo.

Washegari Baba ya ɗauke ni a keke zuwa asibitin sha-ka-tafi na Makarfi. Disfensa ya leƙa bakina ya tambayi abin da nake gogawa. Da na lissafa, ya daɗe yana kallon Baba. Ya ce na kankare bayan haƙoran ne, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. In bar tsami, in riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, asuwaki mai laushi kawai, a hankali. Kakata ta ƙara da kanumfari. Zogin ya lafa, amma ɗanɗanar rake ta koma hannun wani yayana, wanda ko gishiri a miya ba ya ganewa. Na yi kuka sosai.

Daga ranar sai a fere rake a yayyanka mana ƙanana a akushi guda, ni da kakata da ba ta da haƙori ko ɗaya. Ta matsa mini a tabarma ta ce, "Zauna, 'yar nan. Ni sai da na ga jikoki kafin na iso nan. Ke wata guda ya kawo ki."