Baffan Ango Ya Tayar da Kiɗa a Bakori

Jama'a, yau na ga sabon makaɗi! Har yanzu cikina ciwo yake don dariya.

Biki muka je Bakori. Na haɗa fiyanona da sabon akwatin kiɗan nan mai sakin sautin ganga da kalangu idan aka taɓa ɓangaren hagu. Na saita shi, ana taɓa maɓalli kiɗa zai tashi da kansa. Ina jiran mawaƙinmu, sai ga Alhaji Sule, baffan ango, fuska a murtuke.

Ya ce, "Kai, naɗe wayoyinka. Ba a kiɗa a ƙofar gidana."

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, tun daga Funtua fa muka kwaso kayan nan."

Ya ce, "Na ce a'a!" Ya buga tafin hannunsa a kan fiyanon, daidai ɓangaren hagu.

Wayyo! Kalangu ya ɓarke a lasifika! Alhaji ya zabura, ya sake dannawa wai ya kashe, sai sautin ya juya, ya ƙara daɗi. Mata suka rangaɗa guɗa. Matarsa Hajiya Rabi ta leƙo daga zaure, ta ce, "Alhaji, ashe da kanka kake so ka kaɗa? Bismilla, muna ji!"

Na yi maza na kashe, na ce yau kashina ya bushe. Alhaji ya tsaya yana duban tafin hannunsa. Can ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya:

"Abin nan naka, yana da gangar noma?"

Yana da ita kuwa. Wallahi kiran sallar la'asar ne ya fitar da Alhaji daga fili!