Gwangwanin Mama Tekura

Kowace safiya, kafin babura su fara damun mutane a titin Arorangi, Mama Tekura takan fito da kujera ƙarƙashin mangwaro, ta ɗora gwangwanin biskit a cinya, ta fara kokawa da allura. Daga barandata nake kallo. Ta ɗaga allurar wajen hasken rana, ta lashi zaren, ta kuskure, ta sake. Yanar ido ta cinye na hagu, ta fara ɗanɗana na dama.

Shekara da shekaru ita ce mai wanki a asibiti. Likitoci sun zo sun tafi, an rataya musu furanni, an yi musu jawabai da suka fi aikinsu tsawo. Ita ranar da ta ajiye aiki butar shayi aka ba ta. Na karanta tarihin manyan mutane har ya ishe ni, ban taɓa ganin inda aka ambaci wadda ta wanke musu zanen gado ba.

Idan majinyaci ya rasu, ita ke wanke tufar da ya zo da ita, ta goge, ta miƙa wa dangi, ta ce, "Ku bar mini ɗan gefe." Wasu su yanka mata, wasu su kalle ta kamar mai taɓin hankali. Waɗannan ƙyallayen ne suka cika gwangwanin.

Abu ɗaya ne ba ta iya ba: ɗinki. A nan tsibirinmu kuwa abin kunya ne kaka ta aurar da jika ba ta shimfiɗa mata tivaevae ba, zanen gadon nan da ake harhaɗawa da hannu. Tsararrakinta sun koya tun suna 'yan mata, lokacin ita hannunta na cikin ruwan sabulu. Da aka sa ranar auren jikarta Tepaeru, ɗanta ya bugo waya daga can birnin Auckland ya ce a saya kawai.

"A saya?" in ji ta. "To ka saya mata kaka ma."

Da furfurarta ta shiga ƙungiyar ɗinki ta matan coci, ta zauna a layin 'yan koyo. Shugabarsu, Mama Ngamata, mace ce da ba ta duba fuskar ɗinki, bayansa take juyawa. Abin da bai gamshe ta ba, ba a fitar da shi gaban jama'a.

"Tekura, wannan ɗinki ne ko sawun ƙaguwa?"

"Ƙaguwar ma tana isa teku, Ngamata. Miƙo almakashi."

Ta warware, ta sake. Da idona na ga ta warware aikin mako guda ba tare da tsaki ba. Na ce mata, "Mama, idon nan zai riga ki gamawa."

Ta ce, "Papa Nooroa, kai da naka biyu suke lafiya, me ka ɗinka da su? Koma ga littattafanka."

Mama Tekura, ke ce wadda ta wanke ƙazantarmu ba ta taɓa fallasa mu ba. Ke ce tsohuwar da ta yarda a yi mata dariya domin ta koya. Irinki ba su da yawa, kuma ba a rataya musu furanni.

Ana jibi biki aka kai zanen gadon da ta ɗinka zauren coci don dubawa. Ni ma ina wurin, an sa ni jera kujeru. Mama Ngamata ta juya bayansa, ta bi shi da yatsa, ta taɓe baki. Gaskiya a karkace yake, kuma ba ƙyalle biyu da suka dace da juna.

"Wannan ba zai..." Sai ta tsaya. Yatsanta na kan wani shuɗin ƙyalle mai zanen kifi.

"Rigar Tuaine ce," in ji Mama Tekura. "Ke kika yanka mini."

Tuaine autan Ngamata ne, wanda babur ya kashe. Ta daɗe ba ta ɗaga yatsan ba. Matan suka matso, kowace tana neman nata. Daga baya Mama Ngamata ta share fuska da gefen riga ta ce, "Ɗinkin dai muni gare shi. A shimfiɗa shi a gaba."

A kusurwar hagu na ga wani ƙyalle rawaya mai ɗigon fari. Da wannan rigar a jikinta na kai matata Metua asibiti, na dawo ni kaɗai. Sauran kayanta 'ya'yanmu sun rabar tun kafin furannin kabari su bushe. Ashe wata ta ajiye.

Na gode, Mama Tekura. Mun gode, mu da namu ke cikin zanen nan. Ku kuma tsofaffin da ke zaune a baranda kuna jiran a kira ku, ku tashi ku koyi abin da ya gagare ku. Yau da safe na gan ta da sabon ƙyalle. Ta kuskure ramin allurar, ta lashi zaren, ta sake.